Ku Tambayi Tsohon Direba: Samari biyar, jika 300 da duwatsun Abzin

Wasiƙu uku na zaɓo wannan watan, dukkansu a kan tafiya arewa. Ta farkon ta cinye filin, masu sauran biyun su yi haƙuri da ɗan abin da ya rage musu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mu biyar ne, abokai tun ƙuruciya, duk a unguwar Zariya nan Maraɗi. Uku muna koyarwa, ɗaya tela ne, ɗaya yana sayar da kayan waya. Mun yi wata shida muna tari har muka haɗa jika 300, wato sefa dubu 300, kowa jika 60. Muna so cikin babban hutu, a watan Agusta, mu ari Corolla ta yayana mu je Agadas, mu wuce Timiya har Iferwan, kwana goma zuwa da dawowa. Don rage kashe kuɗi ba za mu kama ɗaki ba, a fili za mu riƙa kwana kamar yadda muke ganin Turawa suna yi a bidiyo lokacin hutunsu. Ba za mu ɗauki ɗan jagora ba tunda akwai taswira a waya. Kuɗin za su isa? Me za mu riƙa? Ɗanka, malamin makaranta.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Samari biyar su yi wata shida suna ajiye kuɗi ba wanda ya ce a ba shi nasa zai sayi waya, wannan kaɗai ya isa in yi muku jinjina. Shekara 26 na yi riƙe da sitiyari, tara daga ciki a hanyar Abzin. Da jigilar albasar Tabelot na fara, na ƙare ina tuƙa wa wata ƙungiya mai gina rijiyoyi. Saboda haka ba zan ɓoye maka ba: kwanan fili da kuke so ku yi shi ne abu mafi sauƙi a cikin shirin naku, kuma na goyi bayansa. Inda kuka sa wuƙa don rage kuɗi ne bai yi mini ba.

Mu fara da watan. Bature yana hawa dutse a Yuli da Agusta saboda lokacin ne ƙanƙara ke narkewa a ƙasarsa, hanyoyin duwatsu su buɗe. Mu kuwa hutun makaranta ya faɗo mana a tsakiyar damina. Za ka ce ai Abzin hamada ce, wane ruwa? Gaskiya ne ruwan da ke sauka can bai kai na Maraɗi ba ko kusa. Amma namu ƙasa ce ke shanye shi, can kuwa dutse ba ya shan ruwa. Duk ɗigon da ya faɗi kan tsauni gangarowa yake, ya haɗu da ɗan'uwansa, su taru a kori, wato busasshiyar ƙoramar da ke ratsa tsakanin duwatsu. Hanyar mota kuwa, in ba ta tsallaka kori ba, to cikinsa take bi. Ka tambayi duk wani mutumin Agadas abin da korin Telwa ya yi musu a farkon Satumbar 2009, lokacin da ya fasa madatsa ya shiga gari cikin dare ya rushe dubban gidaje.

Ni kaina na kusa zama labari. Wata shekara cikin Agusta muna tsakanin Elmeki da Timiya, magariba ta kama mu a wani kori mai faɗi. Yashi fari tas, laushi kamar katifa, ga itatuwa a gefe, ba ko tsakuwa ɗaya da za ta soki haƙarƙari. Na kashe mota, na shimfiɗa tabarma, har na ɗora tukunya. Ɗan jagoranmu, wani dattijon Ba'abzine da ba ya yawan magana, bai ce mini komai ba. Hannuna ya kama ya kai ni gindin wata bishiya, ya haska tocila sama. A tsakanin rassa, sama da kaina, ga busasshiyar ciyawa da karmami da wani tsumma sun naɗe jikin itacen, duk sun karkata gefe guda. Ya ce, "Wa ya rataye su can?" Na ɗaga kai na dubi sama, taurari ne reras, ba ko gajimare. Sai can nesa, bayan duwatsu, walƙiya tana ɗan ƙyaftawa, ko tsawarta ba a ji. Na yi gunaguni, na tada mota muka hau kan wani tudu mai tsakuwa. Taurin kai ya sa na bar tukunyar da jarka ɗaya ta ruwa da takalmana a ƙasa, wai da safe na ɗauka.

Wajen ƙarfe biyu na dare na farka da wata ƙara, na ɗauka babbar mota ce ke tahowa a giya ta ɗaya. Kafin ruwan ya iso, warinsa ne ya fara zuwa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kashin awaki. Sannan ga shi nan, ja wur, yana turo kututture a gaba, duwatsu suna gwaruwa a ƙarƙashinsa kamar ana daka. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba daren nan. Da gari ya waye inda na shimfiɗa tabarma ya zama gulbi, sai bayan azahar muka iya tsallakawa. Na shiga Timiya da silifas ɗin aro, dattijon nan kuwa har muka rabu bai tada zancen ba.

To wannan mutumin ne kuke so ku musanya da taswirar waya. Taswira za ta zana muku layi daga Agadas zuwa Timiya. Ba za ta gaya muku ruwan makon jiya ya cinye mashigin da ke kan layin ba, ko rijiyar da kuke dogaro da ita ta rufta, ko wane ne za ku gaisar kafin ku sauke kaya. Da kun bar gari kuma waya ta zama agogo da tocila. A cikin Agadas Hausa za ku yi da kowa, amma a ƙauyukan dutse za ku haɗu da tsofaffi da mata da ba sa jin komai sai Tamashek. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa, musamman wajen Iferwan, shi ya sa har yau direban ƙwarai ba ya barin sawun da motoci ke bi ya ce zai yanke. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarkaten a 2014 kuma, motoci suka yawaita, masu tare hanya ma suka yawaita. Ranar da kuka isa Agadas ku je wurin jandarma ku faɗi inda za ku da ranar da za ku dawo. In suka ce hanyar ba ta biyuwa a wannan makon, magana ta ƙare, ku sha shayinku a gari. Tafiyar dare kuwa babu ita, ko a kan kwalta.

In dole sai cikin babban hutu, ku tura tafiyar zuwa makonni biyun ƙarshe na Satumba. Ruwa ya ja baya, duwatsu sun yi kore, magangarar ruwan Timiya tana zuba, kuma a watan ne makiyaya ke taruwa a Ingal don bikin lasar gishiri. In kuna iya haƙuri zuwa hutun Disamba, ya fi: kori a bushe, lemun Timiya ya nuna. Sai dai sanyin can ba irin hunturun Maraɗi ba ne da ake korewa da rigar sanyi ɗaya. Na taɓa barin ruwa a buta na tashi na tarar da ƙanƙara ta rufe bakinsa.

Yanzu motar yayanka. Corolla za ta kai ku Agadas, in an duba ta. Daga nan zuwa Damagaram kusan kilomita 235 ne, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. Daga Damagaram ku miƙe arewa, ku wuce matatar SORAZ, ku bi Tanut da Adarbisinat, kusan kilomita 450. Akwai ta yamma, ta Madawa da Tsarnawa da Tawa da Abalak, amma ta fi tsawo. Halin kwalta yana canzawa daga damina zuwa damina, don haka ana gobe za ku tashi ku shiga tasha ku tambayi direban da ya sauko jiya. Ku sha mai a Damagaram, ku ƙara a Tanut ko da tanki bai yi rabi ba. Amma daga Agadas zuwa Timiya, kusan kilomita 220 na dutse da yashi, ba hanyar Corolla ba ce. Cikinta a ƙasa yake. Dutse ɗaya zai fasa tukunyar baƙin mai, ku tsaya inda ba makanike ba inuwa, kuɗin janyo ta kaɗai ya fi abin da kuka tara, yayanka kuma ya daina amsa gaisuwarka har Sallah ta zagayo.

Ɗauko alƙalami, tunda malami ne kai. Zuwa Agadas da dawowa kusan kilomita 1,400. Tsohuwar Corolla ɗauke da ƙarti biyar da kaya, mu ce lita 8 a kowace kilomita 100, lita 112 ke nan. Farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024 shi ne sefa 499 litar fetur, gazuwal 618. Lita 112 ta kama kusan jika 56. Ƙara kwata a kai saboda ramuka da yawon cikin gari, ka rubuta jika 70. Kada ka sa ran ruwa-ruwa zai rage maka wani abu. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 arhar man kwalba ta tafi, abin da ya rage sai dattin da zai toshe maka mota a dajin Adarbisinat. Kuɗin hanya da baƙin mai da facin taya, jika 10. Abinci, in a kasuwar Maraɗi kuka saya kuma da hannunku za ku dafa, jika 45. Sai jika 50 da za a naɗe a leda a ba wanda ya fi kowa rowa a cikinku, ina jin telan ne, a ce masa ko kuka muke kada ka fito da su sai mota ta lalace ko wani ya kwanta ciwo. Saura jika 125.

In kuka ce za ku yi hayar kat-kat, wato mota mai ja da tayu huɗu, taku ta kanku zuwa Timiya, zuwa da dawowa kilomita 440 ne, kuma a irin wannan hanya tana iya shan lita 20 a kilomita 100. Da ɗan abin ko-ta-kwana lita 110, kusan jika 68 na gazuwal kaɗai. Ya rage jika 57 na hayar mota da direba da ɗan jagora na kwana huɗu ko biyar. Ban taɓa ganin mai kat-kat da zai ba da motarsa a kan haka ba. Iferwan kuwa, ku cire ta daga lissafin bana gaba ɗaya.

Na san cire ta zai yi muku ciwo, don can ne ainihin gandun dajin Abzin. Gandun Abzin da Tenere an kafa shi a 1988, faɗinsa hekta miliyan 7.7, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara ɗaya bayan nan ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen wancan lokaci. A Iferwan ma'aikatan gandun suke zaune. Akwai ragon dutse da barewa da birai, jiminar da tsofaffi ke ba da labari kuwa an ƙarar da ita a daji. Wuri ne da ya cancanci a yi masa tari na shekara guda, a je da mota biyu. Ba ya gudu.

Ga yadda jika 125 ɗin za su yi muku aiki. Ku ajiye Corolla a gidan wani amintacce a Agadas, ku shiga motar kasuwa. Mutanen Timiya da Tabelot ba haya suke yi ba in za su gida. Akwai motocin da ke sauko da albasa da lemu da dankali su koma da buhunan gero da fasinja a kai. Za ku zauna kan buhu, za ku sha ƙura, ba ta tashi sai ta cika, wata rana a ce sai gobe. Amma direbanta ya san kowane mashigi kamar tsakar gidansu, kuma kuɗin kujera kawai za ku biya. In kun isa, a ƙauyen za ku nemi ɗan jagora na ƙafa, ku yi ciniki da shi na yini tun kafin ku tashi, da jaki ɗaya mai ɗaukar ruwa. Har ma ina ba ku shawara ku shiga tashar manyan motocin safa ku tambayi kuɗin Maraɗi zuwa Agadas, ku ninka sau goma. In bai wuce jika 80 ɗin mai da hanya da nisa ba, ku bar wa yayanka motarsa. Motar safa in ta lalace ba aljihunku ba ne.

Kwana goman ma ba su da yawa kamar yadda kuke gani. Biyu a hanyar zuwa, don ban yarda ku yi kilomita 700 a yini ɗaya da direba ɗaya ba, ku kwana Damagaram ko Tanut. Biyu a Agadas, kuna jiran mota kuna ganin gari. Ku hau hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta laka da itace, ginin 1515 da aka sake ɗagawa a 1844. Matakalar tana ƙara tsukewa kana hawa, mai tumbi irina a rabi yake juyowa. Ɗaya zuwa Timiya, biyu a can, ɗaya saukowa, biyu zuwa gida. Kwana goma cif, ba ko ɗaya na jiran kori ya janye. Ku nemi izinin kwana goma sha biyu a gida, kuma wuri ɗaya za ku zaɓa, ko Timiya ko Tabelot.

Sai kwanan filin. Kada ku sayi tanti. Kowa ya riƙo tabarma da bargo da sange, ku haɗa kuɗi ku sayi tamfol ɗaya babba da igiya. Lambunan Timiya akwai ruwa, inda ruwa yake kuwa sauro yana nan, kada wani ya ce muku hamada ba sauro. In kun isa ƙauye ku fara gaida mai gari, ku ce baƙi ne daga Maraɗi, a nuna muku inda za ku sauka. Sau da yawa gefen lambun wani za a kai ku, kuma wannan ya fi kowane ɗakin haya tsaro. Kada ku yi shimfiɗa a bakin rijiya, hanyar mata da dabbobi ce. A daji ku nemi tudu, ku ɗaga tocila ku duba rassan itatuwa kamar yadda aka nuna mini. Ku sauka tun da sauran rana, don wurin da aka zaɓa cikin duhu da safe ake ganin aibinsa. Takalmi a kife shi a kakkaɓe kafin a sa ƙafa, kunama tana son ɗumi. Dutse kuma ba a ɗaga shi da hannu, a fara ture shi da sanda.

Ruwa shi ne nauyin da ba a ragewa. Mutum ɗaya, sha da girki da alwala, ku lissafa lita 8 a yini, ku biyar lita 40. Jarka biyu masu lita 25 a cike duk lokacin da za ku bar rijiya, da ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa, tana nan a kantin magani. Ruwan tafkin dutse yana da kyaun gani, amma raƙumi da biri sun riga ku.

Abinci kuwa nan ne arhar take. Shinkafa, taliya, garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji, man gyaɗa, busasshen tumatir, gumba don safe. Duk a nan za ku saya, don kusan duk hatsin da ake ci a Abzin daga kudu ake hawa da shi, kuɗin mota yana kansa. Albasa da dabino da cuku ku bari sai can. Ku riƙi ƙaramar tukunyar gas, kada ku sari ɗanyen itace. Bishiyar da ka gani a kori ta fi kakanka shekaru, kuma ita ce abincin awakin masu wurin. Sukari da ganyen shayi ku ninka abin da za ku sha, rabin na kyauta ne. Mutum zai ba ku wurin kwana ya ƙi karɓar ko dala, amma ba zai mayar da ƙullin shayi ba. In aka zauna shayi kuma a sha kofi uku, tashi bayan na farko rashin ladabi ne.

Ku riƙo fulawa kilo biyu, ku roƙi ɗan jagoranku ya yi muku tagalla. Zai kwaɓa ta da ruwa da gishiri, ya fafaɗa ta kamar faifai, ya ture garwashi gefe, ya kwantar da ita kan yashin da wuta ta gasa, ya rufe da yashi da toka. Bayan ɗan lokaci ya tono ya juya, ya sake binnewa. In ta gasu zai ƙwanƙwasa ta da yatsa ya ji amonta, ya kankare tokar da wuƙa, ya ɗauraye, ya gutsuttsura cikin miya. Za ka rantse za ka tauna yashi, ba za ka ji ko ƙwaya ba. Ni na gwada a tsakar gidana nan Maraɗi, abin da ya fito ko kaji sun ƙi shi.

Takardu: katin ɗan ƙasa na kowa, lasin tuƙi, takardun mota da inshora mai rai, da ƴar takarda daga yayanka cewa shi ya ba ku aron motar. Tayar ajiya biyu in da hali, jak, famfo, bel ɗin fanka, ruwan lagireto daban da na sha. Kuɗi kada su taru a aljihu ɗaya. Ku tura rabi ta Nita ko Amana ku karɓa a Agadas, amma ku hau dutse da tsaba, ƙananan takardu, don mai jaki ba shi da canjin jika goma.

Kuɗinku za su isa Timiya a motar kasuwa, a ƙarshen Satumba, ku dawo da ɗan canji. In akwai Bagobiri a cikinku ku ce masa gida zai je, tunda tarihinsu ya ce daga Abzin kakanninsu suka gangaro. Shi ya kamata ya ɗauki jarka.

TAMBAYA: Baba, ina wuni. Maigidana ya dage sai mun tafi da yara biyu, mai shekara bakwai da mai huɗu, mu kwana a daji cikin hutun nan, wai su san ƙasarsu. Ni hankalina bai kwanta ba. Ɗiyarka, daga Ali Ɗan Tsoho.

AMSA: Ɗiyata, niyyarsa mai kyau ce, hankalinki kuma yana da gaskiya. Dutse da damina ba wurin ɗan shekara huɗu ba ne. Ga kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar wata-wata cikin damina, bai kamata ƙaramin ya tsallake zagaye ɗaya saboda yawo ba. Ki ce masa a fara da kwana ɗaya a gonar danginku a ƙauye, da sange da tocila, a ga yadda yaran za su yi da duhu da kukan jaki. In sun ji daɗi, bayan kaka ga gandun Gadabeji nan cikin jiharmu, arewa da Dakwaro. Tun 1955 aka keɓe shi, hekta 76,000, kuma a 2018 an kawo raƙuman dawa takwas daga Kure aka sake su a ciki. Ba duwatsu, tudun yashi ne da ciyawa, amma yaron da ya ga raƙumin dawa da idonsa ba zai tambaye ki tsauni ba. Ana bi ta hannun ma'aikatan gandun daji, su za su ce ga lokacin da hanya ke da lafiya, su haɗa ku da mai rakiya. Ki riƙi gishirin zawo da maganin zafin jiki, kuma yaro in jikinsa ya yi zafi a daji ba a jiran safiya ta biyu, a juyo zuwa likita.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, shekarata 58. Tun ina yaro kakana ke ba mu labarin dawakin Bagazam. Ina da Hilux mai ƙarfi. Za ta kai ni kan dutsen? Wani Alhaji, daga Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, Hilux za ta kai ka gindinsa ta hanyar Tabelot. In ka shiga yashi mai laushi ka rage iskar tayu, ka riƙe giya ɗaya kada ka canza a tsakiya, da ka fito kan dutse kuma ka mayar da iskar, in ba haka ba tsakuwa ta yanka maka gefen taya. Lokacin da na hau Bagazam da ƙafa muka hau, jakuna ɗauke da kaya, kuma ko yau abin da zan ce maka ke nan: bar motar a ƙasa wurin mai gari. A can ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tagas, mita 2,022. Ba sai ka kai kanta ba. Saman dutsen fili ne mai faɗi, da ƙauyuka da lambuna da idanun ruwa, ka kwana biyu a nan ya isa ka ba jikokinka labari. Dawaki kam jakuna da awaki za ka fi gani, kada ka ce ban faɗa maka ba. Kafin Disamba ka fara zagaya unguwa da ƙafa bayan sallar asuba, wata biyu, don saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Ka sa a auna maka jini kafin ka tashi. In ka sauko lafiya ka riƙo mini tafarnuwar can, ƙulli ɗaya, ta gidana ta ƙare tun bara.